Rufin Asiri a Birnin Shehu: Wa Ya Taɓa Biyan Kuɗin Binciken Cutar da Yara?

Sakkwato da takarda aka san ta. Tun da Muhammadu Bello ya kafa garin a 1809, Shehu Usmanu ya baro Sifawa ya tare a cikinsa a 1815, tawada ba ta bushe ba a unguwannin da ke kewaye da Hubbare. Shehu da ƙanensa Abdullahin Gwandu da ɗansa Bello sun bar ɗaruruwan littattafai. Sun yi rubutu a kan naɗin alƙali da rabon gado da tauye mudu a kasuwa, Bello har maganin basir da ciwon ido ya yi wa littafi. Wanda duk ya taɓa shiga ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu ya ga takardun sarauta jibge. Ni da na ƙare aikina a ofishin walwalar jama'a, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne garin da ya rubuta duk wannan bai taɓa zama ya rubuta yaransa nawa ake lalatawa ba, a ina ake yi, su wa ke yi, me kuma ke hanawa. Sai a 'yan shekarun nan aka soma, shi ma galibi da kuɗin baƙi.

Hukunci kam ba a rasa shi ba. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan garin nan sun fayyace cewa wadda aka tilasta ba ta da laifi, wanda ya tilasta ta kuwa haddi ya hau kansa, kuma sai ya biya ta sadakin irinta. Alƙali Ibnul Arabi na Andalus ma a sahun 'yan fashi ya sa mai fyaɗe, domin a ganinsa ƙwace mutunci ya fi ƙwace dukiya muni. A babin raino an sharɗanta cewa mai riƙon yaro ya zama amintacce, gidan ya zama mai tsaro, musamman ga yarinyar da ta fara tasawa. Sai dai akwai wani wuri da nake son mai karatu ya lura da shi. Fiƙihu ya ce abin da ke ƙarfafa da'awar wadda aka zalunta shi ne ta fito nan take tana neman agaji, da alamar abin a jikinta, jama'a su shaida. Al'ada kuwa ta ce a ja ta ɗaki, a gasa ta da ruwan zafi, a wanke tufafin, a ja mata kunne. Ga kuma bulala 80 ta ƙazafi tana jiran wanda ya ambaci sunan mutum ba shi da shaidu. Tsakanin abin da malam ya karantar a zaure da abin da uwa ta yanke a ɗaka, na ɗaka ne ya yi rinjaye fiye da shekara 200.

Kada a ce na ce iyayenmu sakaci suka yi. Ginin tsohon gida ma tsaro ne. Namiji baligi da ba muharrami ba iyakarsa zaure. Cikin gida ga kishiyoyi, ga gwaggo, ga kaka, ido ya yi yawa. A waje kowane dattijon unguwa yana da bakin tsawata wa ɗan kowa. Amma kullen da ya tsare uwa shi ya fitar da ɗiyarta. Matar da ba ta leƙa ƙofar gida tana daka fura, tana tuyar ƙosai, tana murza ƙuliƙuli, kuma ƙafarta ita ce yarinya 'yar shekara bakwai ko takwas da faranti a ka. Da ribar tallan ake tara kwanonin jere da gado da sauran kayan ɗaki, domin ranar biki ɗakin amarya ake kallo a auna uwarta.

Ni ma na ɗauki tallan fura, daga gidanmu wajen Ƙofar Rini zuwa tsohuwar kasuwa. Mu 'yan talla mun san garin nan ta wata fuska da manya ba su san shi ba. Mun san zauren da ba a shiga ko da za a saye ƙwaryar duka. Mun san mai shagon da ba ya miƙo kuɗi daga ƙofa, sai ya ce a shigo a karɓa. Mun san lungun da ba a bi bayan la'asar sai mu uku. Babbar cikinmu ita ke gaya wa sabuwar shiga, a bakin rijiya ko a kan hanya, kuma ban taɓa jin wadda ta kai wa babba maganar ba. Me za ta ce? Wadda ta koma gida da kwantai ta san abin da ke jiranta, wadda ta sayar da wuri kuwa ba a tambayarta yadda aka yi. Ashe ilmin yana nan, cikakke, da sunayen wurare da na mutane, a bakin yara. Mai tambayarsu ne babu. Haka yake ga 'yar riƙo da aka kai gidan dangi, da 'yar aikatau da aka kawo daga ƙauye, da almajirin da ke kwana a zaure ko a tasha, wanda shi ko a hirar mata ba a kawo shi cikin waɗanda ake jin tsoron a cuta.

Akwai kuwa wani tsari a tarihin garin nan da ya isa a yi koyi da shi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwa jaji, ta ɗora mata malfa, jajin ta riƙa jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa wurinta su ɗauki karatu cikin waƙe, su koma su koyar. Masu tafiyar yawanci tsofaffi ne da 'yan mata ƙanana, wato yarinya tana tafiya a hannun wadda za ta tsare ta. Sukan zo da zuma da hatsi da man shanu da zane, ita kuma ta raba wa mabuƙata. Bayan rasuwarta 'yar'uwarta Maryamu ta ci gaba da abin. Ƙungiyar mata ce da ke shiga ɗakin da namiji ba ya shiga, ana kuma yarda da ita, kuma da abin hannunta take tafiya. Duk wanda ya taɓa ɗaukar takardar tambayoyi ya tsaya a zauren mutane ana ce masa matan gida ba sa magana da baƙo ya san darajar wannan.

Ɗaya gefen tarihin ba shi da daɗin faɗa, amma barinsa ha'inci ne. A ƙarni na 19 yaran da aka kamo a yaƙi dukiya ne, ana sayensu ana kyauta da su, kuma 'yan mata da yawa ƙwarƙwarori suka zama ba da an nemi yardarsu ba. Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Dokarsu ta ce yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma bautar kanta ba a soke ta kwata-kwata a Arewa ba sai 1936, kuma satar yara da sayar da su a ɓoye ta daɗe bayan zuwan nasu. Turawan mutanen lissafi ne. Sun ƙirga kawunan masu haraji, sun ƙirga shanun jangali, sun kashe kuɗi wajen gyara irin jar akuyar Sakkwato saboda fatarta tana da kasuwa a Ingila. Yarinya mai faranti ba ta da kasuwa a can, don haka ba ta samu shafi ba.

Dokoki sun biyo baya da sauri-sauri. Legas ta samu dokar yara da matasa a 1943, wadda ta taɓa tallan 'yan mata, Jihar Arewa ta yi tata a 1958. Kundin hukunta laifuka na zamanin Sardauna ya fara aiki a 1960, sashensa na 282 ya ce yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba, yardarta ba yarda ba ce. Duk suna nan a rubuce. Abin da ke faruwa a ƙasa daban ne, kuma shi na gani da idona.

Wata rana aka kira ni wani zaure a cikin gari. Mai unguwa na kan buzu, uban yarinyar da ƙanensa na gefe, ga wakilin gidan wanda ake tuhuma, uwar kuma tana daga bayan asabari. Yarinyar da ake magana a kanta ba ta wurin, ba kuma wanda ya ce a kira ta. Na ce a kai ta asibiti yau, a kuma sanar da hukuma. Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Malama, yi haƙuri. Wagga magana in ta hita, wa za shi auren ɗiyar ga?" Daga bayan asabari uwar ta ce, "Ranka shi daɗe, ni dai a ruhwa muna asiri." Aka yanke cewa gidan mutumin za su biya kuɗin magani, shi kuma ya bar unguwar. Aka shafa fatiha. Ya bar unguwar kuwa, ya koma wata, inda ba wanda ya san shi, inda su ma suke da 'yan talla. Ban zargi mai unguwar da mugunta ba, ban zargi uwar ba. Tsoronsu na gaskiya ne, garin nan yakan hukunta yarinya ya manta da namijin. Amma a littafin ofis abin da aka shigar shi ne an sasanta rikicin maƙwabta. Wanda zai zo bayan shekara 30 ya yi bincike a takardunmu zai rantse ba a taɓa yin irin wannan a unguwar ba.

Shari'ar Safiya Hussaini ta ƙara wa iyaye wannan tsoron. A 2001 kotu a Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jifa saboda ciki, namijin da ta ambata aka sake shi don babu shaidu, sai a Maris na 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a nan Sakkwato ta soke hukuncin. Ita babba ce, amma darasin da mata suka ɗauka a cikin gidaje shi ne mai kai ƙara na iya komawa wadda ake tuhuma.

To, ina masana? Jami'a ta zo garin nan a 1975, aka sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ga asibitin koyarwa. Binciken da ya fi shahara a kan talla da aiken yara a ƙasar Hausa wata Ba'amurkiya ce, Enid Schildkrout, ta yi shi a shekarun 1970, a Kano. Namu na gida ya zo a makare. A 2016 wasu likitocin asibitin koyarwa suka wallafa abin da suka samu da suka bi fayil ɗin sashen mata na shekara biyar, daga 2010 zuwa 2014. Cikin marasa lafiya sama da 5,000, mutum 45 ne aka kawo saboda fyaɗe. Fayil 34 aka iya samowa. Kusan shida cikin goma na waɗannan yara ne 'yan shekara 12 zuwa ƙasa, ƙaramar cikinsu shekararta biyu. Fiye da rabin waɗanda suka aikata sanannu ne ko 'yan'uwa, waɗanda aka kama kuwa ba su kai rabi ba.

Allah Ya saka wa likitocin nan, sun yi abin da hannunsu ya kai. Amma a dubi lissafin da kyau. Mutum tara a shekara, a babban asibitin da ake turo marasa lafiya daga Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Duk wata ungozoma ta unguwa ta san wannan adadin na waɗanda abin ya fi ƙarfin ruwan zafi da bagaruwa ne. Kuma sashen mata ne, yara maza ba su ciki. Irin wannan bincike na tsofaffin fayil shi ne wanda likita zai iya yi da aljihunsa da hutunsa na ƙarshen mako. Wanda zai shiga gida-gida, ya horar da mata masu tambaya, ya tanadi mai lallashin yaron da tambaya ta fama masa ciwo, ya koma bayan shekara biyu ya ga ko abin da aka gwada ya yi aiki, wannan sai da kuɗi masu kauri.

An yi irinsa a Najeriya a 2014. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ta gudanar, da taimakon UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka. An zanta da matasa sama da 4,000 'yan shekara 13 zuwa 24. Sakamakon ya ce mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su kai 18, waɗanda suka samu wani taimako kuwa ba su kai biyar cikin ɗari ba. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shekarar yaƙi da cin zarafin yara a Satumbar 2015 a kan wannan sakamakon. Sai dai adadin na ƙasa ne baki ɗaya. Ba ya gaya mini halin unguwanninmu irin Mabera ko Gagi ko Runjin Sambo, kuma na sha jin manya a taro suna cewa ai wannan na mutanen Kudu ne. Ba ni da takardar da zan ɗaga in rufe musu baki.

Daga 2019 abubuwa suka ɗan motsa. A Satumbar shekarar 'yan sanda suka kuɓutar da mutum sama da 300, yawancinsu yara maza, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, aka fara jin abin da ake yi wa maza a fili. Shirin Spotlight na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya ya zaɓi Sakkwato cikin jihohi biyar da Abuja. A 2020 aka buɗe Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru, inda ake duba wanda aka ci wa zarafi kyauta, a ba shi magani da shawara, a rubuta rahoton likita da zai tsaya a kotu. Wanda aka kai cikin awa 72 ana iya ba shi maganin kariya daga ƙanjamau, abin da iyaye da yawa ba su sani ba har yau. A Yunin shekarar gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, kuma Sufeton 'Yan Sanda ya ce an kai ƙara 717 cikin wata biyar. A ƙarshen 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a dokar kare yara ta jiha, shekara 18 bayan dokar tarayya ta 2003, bayan doguwar muhawara da malamai da masarauta. Ba ƙaramin abu ba ne. Amma shirin Spotlight ya ƙare a 2023, kamar yadda kowane shirin baƙi ke ƙarewa. Kuma kusan duk abin da aka gina na bayan ɓarna ne: magani, kotu, gidan yari. Abin da zai hana a kai ga ɓarnar shi ne har yanzu ba a gwada ba.

Wannan ba ciwonmu mu kaɗai ba ne. Masana a Jami'ar Johns Hopkins sun lissafa cewa Amurka na kashe kimanin dala biliyan 5.4 a shekara wajen tsare waɗanda suka yi lalata da yara, alhali abin da gwamnatin tarayyarsu ta ware wa binciken rigakafi a 2022 dala miliyan biyu ne. Inda aka sa kuɗin kuwa an ga amfani. A unguwannin talakawa na Nairobi an gwada koya wa 'yan mata 'yan makaranta, cikin mako shida, yadda za su gane take-taken mai cutarwa, su ɗaga murya, su kuɓuta, su faɗa wa babba. Masana daga Jami'ar Stanford suka bi diddigi, suka ga fyaɗe ya ragu sosai a cikin waɗanda aka koya wa. Ko zai yi aiki a Islamiyya a Arkilla, da wace irin Hausa za a faɗe shi, wa zai koyar, malama ko jaji, sai an gwada a nan za a sani.

Ba ma sai mun je Nairobi neman hujja ba. Cutar noma mai cin fuskar yara ita ma ɓoye ta ake yi, ana cewa iska ce. A 1999 aka buɗe mata asibiti a garin nan, daga 2014 ƙungiyar likitocin MSF ta shigo. Aka yi tiyata, amma kuma aka shiga ƙauyuka aka ƙirga, aka rubuta, aka wallafa. Najeriya ta ɗauki hujjojin ta kai gaba, a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Aikin da aka yi a Sakkwato yana cikin abin da ya kai ga haka. Masu iya binciken muna da su, abin da aka ba su a kan noma ne ba a ba su a kan wannan ba.

Tambayoyin kuwa suna nan birjik, kuma yau sun fi na zamanina tsanani, ga 'yan gudun hijira daga Isa da Sabon Birni da Rabah sun cika kangwaye a gefen gari, ga waya a hannun yara. Idan aka ba uwa jari ko aka tanadar mata wurin sayarwa, tana janye ɗiyarta daga talla ko ƙanwar take turawa? Tsangayar da ke da ɗakin kwana da babba mai kwana kusa, ta fi wadda ba ta da shi aminci, da nawa? Huɗubar Juma'a a kan wannan batu tana ƙara masu kai ƙara? Mutanen da aka sasanta a zaure, nawa ne suka sake? Ba ɗaya cikin waɗannan da Bature zai fi malamin jami'armu iya tambaya.

Kuɗin ma akwai inda za su fito. TETFund na da asusun bincike na ƙasa da malaman jami'a ke nema. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha tana ciyar da marayu tana biya wa marasa lafiya magani, kuma ban ga abin da zai hana wani attajirin garin nan ya tsayar da waƙafin gida ko shago ɗaya, hayarsa ta tafi ga wannan aiki ba. Amma nauyin farko na gwamnatin jiha ne, ita ta yi dokar. A buɗe layi a kasafin kuɗi da sunan binciken kare yara, na shekara biyar a jere, a damƙa shi ga jami'o'in garin nan da asibitin koyarwa, da sharaɗin ba za a tambayi yaro ko ɗaya ba sai an tanadi inda za a kai shi idan ya yi magana, kuma a bayyana sakamakon da Hausa a rediyo. Kai mai karatu, idan lokacin kare kasafi ya zo a majalisar jiha, ka nemi ɗan majalisar mazaɓarka ka tambaye shi naira nawa aka rubuta wa wannan aiki, a shafi na nawa.